Hannun Sule da Farar Ƙwayar Tarauni

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Laraba, bayan an idar da sallar la'asar, muna tsakar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi mu biyar. Akwai ni Garba, wanda unguwa ke kira Soja domin na yi aikin soja kafin a sallame ni na koma gadin wani sito. Akwai ƙanena Sule, magini, da matarsa Asabe tana bakin murhu. Akwai Inna mahaifiyarmu a kan tabarma tana tsince wake. Na biyar shi ne Kawu, Alhaji Ado, ƙanen Inna, mai sayar da goro, wanda ya shigo da sallama da kuma shawarar da ba wanda ya nema. Shekara biyu ke nan da canja kuɗi daga fam zuwa naira. Daga wannan sa'a zan fara, domin daga nan abin ya lalace.

Amma sai na faɗi yadda hannun Sule yake kafin nan. A lokacin gonakin wajen Tarauni sun fara komawa gidaje, ko'ina bulo ake ɗorawa, kuma Sule yana cikin maginan da ake nema. Siminti ya ci masa hannu biyu. Fatar ta bushe, ta tsattsage a tsakanin yatsu, ga ƙaiƙayi. Ya je ɗakin shan magani, aka ba shi wani farin mai, aka ce ya huta da taɓa siminti, in kuma dole ne ya riƙa sa safar hannu ta roba. Man yana aiki, amma a hankali. Hutu kuwa magini ba ya da shi. Safar ma da ya sa rana ɗaya, leburori suka dinga ce masa amarya ta ƙunsa lalle, ya cire ya jefa a kwanon sarki.

Kawu ya kama hannun ya juya shi kamar yana duba goro.

"Yaya, kin ga wannan man na asibiti? Danne cuta yake yi. Ya shafe ta a sama, ya tura ta ciki. Akwai sabon likita a Tarauni, shi fito da ita yake yi."

Inna ta ajiye faifan wake. Ni kuwa na san an gama, ga dalili. Tsakanina da Sule akwai wata 'yar'uwarmu, Hadiza, da ta rasu tana ƙarama tun muna ƙauye. Ƙyanda ce ta kama ta, ƙurajen suka ƙi fitowa sosai, tsofaffi suka ce ta koma ciki. Tun daga ranar babu maganar da Inna ke tsoro a duniya kamar a ce cuta ta koma ciki, babu kuma wadda ke sanyaya mata rai kamar a ce ta fito.

Na ce, "Kawu, man nan fa yana yi masa amfani."

Ya ce, "Kai Soja, ka san bindiga, ka bar mana sanin cuta."

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan farinta. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan ya raka shi gobe."

Washegari na raka shi. Shago ne guda a bayan kasuwar Tarauni, an shafe shi da farar ƙasa, an kafa allo an rubuta Likitan Homiyofati, wai wani salon magani ne na ƙasashen waje. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutane Dokta suke ce masa, ni ma haka zan ce, ba don ya cancanta ba. Yana sanye da farar riga, a bango ga wata takarda cikin gilashi da ya ce ta gidan waya aka aiko masa da ita daga ƙasar waje. Ya zaunar da Sule ya yi ta tambaya. Ta wane gefe kake kwanciya? Zaƙi ka fi so ko tsami? Kana tsoron tsawa? Me kake yawan mafarki? Sule yana amsawa yana murmushi, domin ba a taɓa tambayarsa haka a asibiti ba. Wannan kam na yarda, mutumin ya iya sauraro. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, wato sana'ar Sule.

Na ce, "Malam, magini ne fa. Siminti ne ya ci shi."

Ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, siminti ya dai ƙwanƙwasa ƙofa ne. Cutar tana cikin jini tun tuni."

Ya ba da abu biyu. Na ɗaya wasu fararen ƙwayoyi ƙanana kamar tsabar gero, a sa a ƙarƙashin harshe, kada a taɓa su da hannu. Na biyu wani ruwa mai launin shayi a ƙaramar kwalba, a riƙa shafawa safe da yamma. Sa'an nan ya jero dokoki: ba goro, ba ɗanyar albasa, ba kofi, ba turare, ba man zafi, kada ma a ajiye kafur a ɗakin. Man asibiti kuma a zubar. Da za mu tafi ya ƙara da cewa, "In kun ga abin ya ƙaru kada ku tsorata. Fitowa ce. Sai ta fito duka kafin ta tafi."

Sule ya maimaita wa Inna wannan magana a gida. Ta ɗaga hannu ta ce, "Wannan ya san aikinsa. Allah ya yi masa albarka."

Mako na farko, hannun ya yi ja. Da zarar an shafa ruwan nan sai Sule ya yi ta yarfe hannu yana hura masa iska, ya ce kamar barkono. Ƙaiƙayin ya ninka. Asabe ta ce mini yana goga hannunsa a bakin tabarma har ya yi jini. Kawu ya zo dubiya ya ce, "Madalla, ta motsa." Shi da ke sayar da goro, shi ya tsaya ya tabbatar an kwashe goron gidan kaf.

Mako na biyu, bororo ya feso. Ya cika bayan hannu, ya haye wuyan hannu, ya nufi gwiwar hannu, daidai duk inda ruwan ya taɓa. Na lura da wannan, na kuma faɗa. Har gefen idonsa ya kumbura, inda ya taɓa da yatsa. Bororon ya fashe, ruwa yana tsattsafowa. Sule ya daina zuwa aiki, cokalin gininsa yana rataye a bango. Asabe ce ke ba shi tuwo a baki, shi kuma yana jin kunya, sai an saki labule yake ci.

Muka koma Tarauni. Dokta ya ga hannun ya tafa.

"Alhamdu lillahi! Ka ga irin dattin da ke jikinka? Da duk wannan yana ciki."

Na ce, "Yaushe za ta gama fitowa?"

"Jiki jiki ne. Wani mako ɗaya, wani wata."

"In ta wuce wata fa?"

"To cutar ce ta yi zurfi."

"In ya warke maganinka ne, in ya ƙaru maganinka ne yake aiki. To yaya za a yi mutum ya gane ranar da maganinka bai yi ba?"

Ya dubi Sule ya ce, "Yayan nan naka yana da zafin zuciya. Akwai ƙwayar da ta dace da irinsa."

Sule ya yi dariya. Ni ban yi ba. Aka ƙara masa kwalba.

A wannan makon 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa. Wata ta ce a dafa ganyen darbejiya a gasa. Wani ya ce sammu ne daga abokan aiki. Wani ya ce a shafa toka da man shanu. Inna ta kore su duka, ta ce ba za a haɗa wa Dokta aiki ba. Da na ce a koma asibiti, sai ta haɗa ni da su.

Mako na uku, zazzaɓi ya shigo. Hannun dama ya kumbura ya yi sheƙi, yatsun suka zama kamar rogo. Abin da ke fita ba ruwa ba ne kuma, mugunya ce, ɗakin yana wari. Kaluluwa ta fito masa a hammata. Sai kuma na ga wani jan zane ya taso daga wuyan hannu yana hawa sama. Na taɓa ganin irinsa a ƙafar wani soja, na kuma ga yadda aka ƙare da ƙafar.

Sule ba ya iya hawa keke, don haka ni kaɗai na je Tarauni na kwatanta wa Dokta. A karo na farko na ga fuskarsa ta canja. Ya ce fitowar ta yi ƙarfi da yawa, sai an karya maganin. Na ce da me? Ya ce a sayo kafur Sule ya riƙa shaƙa, a kuma dafa masa kofi baƙi ƙirin ya sha. Bayan kwana biyu a fara wata sabuwar ƙwaya.

Na ce, "Kafur ɗin da ake sa wa tufafi don asu?"

"Shi."

"Mutum yana ruɓewa da ransa, ka ce in kai masa maganin asu?"

"Kai ba ka karanci wannan ilimi ba."

"Zo ka gan shi da idonka. Gyaɗi-Gyaɗi ce, ba Makka ba."

Ya ce yana da marasa lafiya suna jira. Mutum biyu ne a kan benci, ɗayan ma barci yake yi.

Aka yi na kafur ɗin, domin Inna ta ce a yi. Ɗaki ya cika da warin kafur a kan warin mugunya. Kofin kuwa Sule ya amayar. Jan zanen ya wuce gwiwar hannu. Sule ya fara sambatu, yana ce wa leburori su kawo kwaɓi, bulo ya karkace.

Da gari ya waye na fita titin Zariya na samo tasi, na kawo ta ƙofar gida. Na shigo na tarar Inna ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakin Sule ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"Inna, a ba ni hanya."

Ta dubi bango. "A gaya wa wancan ya sallami mai mota."

"Inna, hannun zai tafi. In aka ƙara jinkiri shi ma zai tafi."

"Za su yi masa allura su mayar da ita ciki. Na binne ɗaya a kan haka. Ba zan binne biyu ba."

Na tsaya. Na ɗauki mutane a kafaɗa a wuraren da ba zan so in tuna ba, amma ban san yadda ake tsallake ƙafar uwa ba. Mai tasi yana ta danna ƙaho a waje. Kawu ya iso, ya tsaya yana cewa a dai yi haƙuri, a ba magani lokaci.

Asabe ce ta yi magana. Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Inna ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Tana durƙushe tana wanke tsummokaran da ake goge hannun, ba ta dubi kowa ba, kamar da kwanon wankin take magana.

"Yaya Soja, ni dai ban sani ba. Ƙyanda a ciki take tsira, shi ya sa ake so ta fito. Amma siminti ai a buhu yake zuwa. Ruwan nan kuma a kwalba ya zo. Ni nake shafa masa, ga yatsuna."

Ta ɗago hannu. Yatsunta uku da take dangwalo ruwan da su sun yi ja, sun yi bororo irin na mijinta sak. Ta ɓoye su duk kwanakin nan a cikin zane.

"Ni ma cutar tana cikin jinina ne?"

Inna ta daɗe tana kallon yatsun. Sa'an nan ta janye ƙafarta, ta naɗe tabarma, ta shiga ɗakinta. Ba ta ce a tafi ba, ba ta ce kada a tafi ba. Na sungumi Sule. Asabe ta ɗauko kwalbar da sauran ƙwayoyin ta ƙulle a gefen zane. Kawu ya shige gaban mota ba tare da an gayyace shi ba.

Yanzu sai asibiti, kuma shi ma ina da ƙorafi a kansa. Layin kati ya kai har bakin ƙofa. Mai yankan katin ya tafi shan shayi. Na gaya wa wani ma'aikaci mutum yana sambatu, ya ce kowa a nan mara lafiya ne. Muka kwantar da Sule a kan siminti a baranda, rana tana matsowa muna jan shi. Sai bayan azahar wata sista, 'yar Kudu, mai kaurin murya, ta zo wucewa ta ga jan zanen. Ta daka mana tsawa da Hausarta ta kasuwa, ta ce mu mugaye ne, ina muke tun tuni. Ta tura mu gaban layi da kanta. Zagin ya yi mini zafi, amma har gobe ina yi mata addu'a.

Likitan ba Bahaushe ba ne, sistar ce ke fassara. Tambayarsa ta farko ita ce me mutumin yake yi, ta biyu me aka shafa. Asabe ta kwance gefen zane. Ya shinshina kwalbar, ya dubi yatsun Asabe, ya yi magana. Sista ta ce, "Likita ya ce alaji ne ya fara jawo wannan."

Kawu ya zabura. "Ni? Wallahi ni shawara kawai na bayar! Ban shafa masa komai ba!"

Sista ta ce, "Baba, ba Alhaji ba. Alaji. Wato jiki ya ƙi abu." Marasa lafiyan da ke kusa suka kwashe da dariya. Ni na ce a raina, duka biyun daidai ne.

Bayanin likita ga shi kamar yadda aka fassara mana. Farar ƙwayar, a ganinsa, sukari ce kawai, da wuya ta yi wani abu mai kyau ko mugu. Ruwan kwalbar ne fatar ta ƙi, ga ta kuma dama a tsage. Da an daina shafawa tun ranar da ya fara ja, aka wanke, aka zo, da magana ta ƙare da man shafawa. Amma an ci gaba, fata ta buɗe, ƙwayar cuta ta samu hanya. Maganarsa da ta zauna mini ita ce wannan: "Ba abin da ke fita. Shiga yake yi."

Mako na huɗu da na biyar a gadon asibiti muka yi su. Allura safe da yamma, ƙarin ruwa, aka shiga da shi tiyata aka tsaga hannun aka kwashe mugunya. Wani maganin babu shi a asibitin, sai na je kanti na sayo, har kekena ya tafi a kan haka, ban kuma yi da-na-sani ba. Asabe tana kwana a ƙasa kusa da gado. Ni ina tashi daga gadi in wuce can kai tsaye. Wanke ciwon shi ne azaba. Sule, wanda bulo ya taɓa faɗo masa a ƙafa bai yi ƙara ba, sai ga shi yana kiran Inna. Zazzaɓi ya sauka a hankali, jan zanen ya koma. Hannun hagu ya warke sarai. Na dama an ceci dantse da tafin, amma manuniya da ɗan yatsan tsakiya sun riga sun yi baƙi. Aka sake shiga da shi aka cire su. Sauran ukun suka sandare, ba sa lanƙwasuwa sosai.

Ranar da aka kwance bandeji, Sule ya dubi hannun ya ce, "Yaya, miƙo mini cokalin shayin can." Na miƙa masa. Ya damƙa, ya zame. Ya sake damƙa, ya faɗi ƙasa. Wanda ya kasa riƙe cokalin shayi ya san matsayinsa da cokalin gini.

Bayan an sallame mu na koma Tarauni sau ɗaya. Na shiga na tsaya a gaban benci don masu jira su ji, na ce yatsu biyu sun tafi. Dokta bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Kun katse magani a tsakiya. Da kun ƙara haƙuri kaɗan da ta gama fita. Asibiti ai yanka suka sani." Na ɗora hannu a kan teburinsa. Allah ya taimake ni na ɗauke hannuna na fita. Wata mata a kan benci, da yaro a goye duk ƙuraje, ta bi ni da harara don na ɓata wa likita rai. Na ji daga baya ya tashi ya koma wajen Unguwar Gano, da allonsa da takardarsa ta cikin gilashi. Ban yafe masa ba. Wanda ya ga dama ya ce na cika riƙo.

Kawu ya daina zuwa gidanmu sai da salla. Sule yanzu yana tsaron kayan gini a wani fili a Babban Giji, yana kallon yaran da ya koya wa ɗora bulo suna ɗorawa a karkace, ya yi musu faɗa da baki. Yana koyon cin tuwo da yatsu uku.

Inna kuwa kullum sai ta dama kunu ta kai asibiti da ƙafarta, duk tsawon jinyar, ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Na yi zaton ta gane. Sai kwanan baya na ji tana ba wata maƙwabciya labari ta kan katanga, tana cewa, "Ai cutar ce ta yi taurin kai. Ƙwaya ta jawo ta har hannu, su kuma suka ƙarasa fitar da ita da wuƙa." Ban gyara mata ba. Ba zan iya ce wa tsohuwar da ta binne 'ya ta kuma ga hannun ɗa haka cewa zaman da ta yi a bakin ƙofa yana cikin lissafi ba.

Amma kai mai karatu, taka tsohuwar ba ta kai nan ba tukuna. Kai ka iya karatu, ita ba ta iya ba, kuma ranar da ciwo ya shigo gidanku maganarta za a bi, ba taka ba. Don haka ina roƙonka abu ɗaya. Yau, tun kowa yana lafiya, ka sami wuri kusa da ita ka zauna ƙasa, ka karanta mata wannan daga farko har ƙarshe, a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya. In ka gama, ka nemi ta yi maka alkawari da bakinta cewa duk maganin da aka sha ko aka shafa jiki ya ƙi shi, a ranar za a ajiye shi, a ɗauki mara lafiya da kwalbar a tafi asibiti. Kada ka tashi sai ta amsa.